Kujerar Alvina

Alvina Kautzman ta yi shekara arba'in da huɗu tana zama a kujerar gefen direba, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa barinta ta sauke gilashin taga ba. Mijinta Reinhold, wanda duk garinmu ke kira Reiny, ya ce buɗaɗɗiyar taga tana kama iska, iska kuwa ita ke shanye mai. Haka za ta zauna cikin zafin watan Yuli da jakarta a cinya, gumi na bin wuyanta, motar na rarrafe, manyan motocin alkama na danna musu hon suna wucewa.

Ba talauci ne ya sa shi ba. Gonarsa na cikin masu kyau a yammacin Dakota ta Arewa, bai kuma taɓa rasa na sawa a tanki ba. Abin dai shi ne kowane namiji a garinmu yana da abin da yake taƙama da shi a teburin shan kofi na safe. Wani bijiminsa, wani ɗansa da ya zama likita. Shi Reiny doguwar motarsa ce, wadda ke cin mil goma sha bakwai a galan ɗaya, alhali irinta a hannun kowa ba ta wuce sha huɗu. An ji wannan lambar har an gaji. Idan ya shigo, sai wani ya ce, "Ga Sha Bakwai nan, ku matsa masa," shi kuma ya zauna baki har kunne, yana zaton yabo ne.

Alvina 'yar wata gona ce mil shida daga tasu. Ta yi aure tana da shekara sha tara, ta tare da akwati ɗaya da keken ɗinkin mahaifiyarta, irin mai ƙafafun baƙin ƙarfe da ake takawa. A kansa ta mai da buhunan fulawa riguna a shekarun wuya. A kansa ta ɗinka wa rabin amaren cocinmu kayan aure. A kansa ta ɗinka 'yar farar rigar da aka binne ɗanta na fari a ciki, wanda kwana huɗu kawai ya yi a duniya. Bayan shi aka sami Darlene, ita ke nan.

Komai na gidan nan na Reiny ne, har rediyo, wanda yake kashewa da zarar an gama faɗin farashin alkama. Keken kaɗai ne bai sami abin cewa a kansa ba, don ba ya cin lantarki, ba ya shan mai. Idan ya ɓata mata rai, ba ta tanka masa, sai ta je ta zauna ta yi ta taka shi har zuciyarta ta sauko. Matan coci suna cewa Alvina akwai haƙuri. Su dai sun faɗi ne kawai, don ba su ke zaune da shi ba.

A kakar 1981 gwiwoyin Reiny suka ƙi, ya sayar da gonar ga wani mai manyan taraktoci da ke ta haɗiye gonakin maƙwabta. Darlene, da ke aure can nesa a birnin Spokane, ta share musu ɗakuna biyu a ƙasan gidanta. Aka sa ranar gwanjo kamar yadda ake yi: a fito da kayan mutum tsakar gida a jera, maƙwabta su zo su ɗaga wannan su ƙwanƙwasa wancan, matan coci na gefe suna sayar da kofi da kuchen, wani kek mai zaƙi na wajenmu.

Da safiyar ranar Alvina ta fito da tulun kofi, sai ta hangi 'yar tirelarsu mai taya biyu a layin kayan gwanjo, an manna mata lamba.

"Reiny, tirelar fa? A me za mu ɗauki kaya?"

"A mota, Mama." Tun da aka haifi Darlene bai sake kiran sunanta ba. "Abin da ya shiga ya shiga."

"Kekena ba zai shiga ba. Baya ya cika da kayan aikinka."

"To ki sa masa lamba."

Maƙwabcinsu Emil Fandrich, wani tsohon gwauro mai son a zauna lafiya, yana tsaye da kofinsa. Ya ce, "Haba Reiny, wannan 'yar tirelar ai ko kare ya ja ta. Me za ta ci maka?"

Ai kuwa ya taɓo inda ke masa ƙaiƙayi. Reiny ya gyara tsayuwa. "Kai Emil, shi ya sa motarka ke shan mai kamar ɗan maraƙi. Nauyi ba ya cin mai a shimfiɗaɗɗiyar hanya, iska ke ci. Ka danƙare mota har ta durƙusa, mil ɗaya za ka rasa a galan. Ka ɗaura mata wutsiya, ko fanko ce, ka rasa biyar. Na gwada, ba labari aka ba ni ba. Ni in shiga Spokane da sha biyu? Sai dai gawata."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya taɓa jan tirela a filin nan namu, inda iska ba ta da abin da zai tare ta tun daga Kanada, ya san haka ne. Mazan da ke wurin suka gyaɗa kai. Babu wanda ya kalli Alvina, har mai gwanjo ya buga guduma aka sayar da tirelar, wani ya ja ta ya tafi.

Ta wuni tana zuba wa mutane kofi, tana kallon ana fita da teburinta da gadonta da kwalaben adana tumatirinta. Keken kuwa ta kulle shi a ɗakin kwana, makullin na aljihun rigarta. Da jama'a suka watse, ta ɗauko ma'aunin tela ta fita wurin motar ta auna, ta koma ta auna keken, ta sake fitowa. Sannan ta sami Reiny a gareji.

"In na kwance ƙafafun, zai shiga kujerata."

"Ke kuma ki zauna ina? A kan rufi?"

"Zan hau bas."

"Da kuɗin wa?"

"Da kuɗin ƙwaina."

A wajenmu kuɗin ƙwai na mace ne, ko mijin da ya fi kowa maƙo ba ya taɓa shi. Reiny ya juya zancen a ransa. Keken bai kai ta nauyi ba, abin da za ta kashe kuma ba daga tankinsa zai fita ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ke kika sani."

Da hannunta ta kwance shi, ta zuba kusoshin a cikin safa ta ƙulle. Ta naɗe kan keken da bargo, ta jera komai a kujerar, ta ja bel ɗin kujerar ta ɗaure. Rabon da ta ji daɗi irin na ranar har ta manta. Sau ɗaya a rayuwarta ta yi dabara ta ci, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ranar Litinin ta hau bas, shi kuma zai taso Talata bayan ya miƙa makullan gida. Ta sami kujerar gefen taga, ta ci tsiran alade da burodin da ta ƙunso, har ta yi hira da wata mata mai zuwa Missoula.

A Spokane ta yi kwana biyu tana jira. Ta zaɓi inda za ta ajiye keken, ƙarƙashin 'yar tagar da rana ke shigowa da hantsi. Ta share wurin sau uku. Darlene ta ce, "Mama, ki zauna ki huta mana, kin san tuƙin Baba. Kunkuru ma sai ya riga shi."

Ranar Alhamis da la'asar motar ta shigo layin, gindinta na kusan jan ƙasa. Alvina na tsaye a bakin ƙofa. Tun daga nesa ta ga wani abu a kujerarta da bai yi kama da bargo ba. Da motar ta matso sai ta ga hula ce, ƙarƙashin hular kuma Emil Fandrich.

Emil ya fito yana miƙe baya, da ya gan ta ya cire hular. "Sannu Alvina. Ƙanwata zan gani a nan garin. Reiny ya ce akwai wuri, in zan ɗauki rabin mai." Ya dubi fuskarta, ya dubi Reiny, muryarsa ta yi ƙasa. "Ya ce min kin fasa kawo keken."

Reiny ya zagayo yana ɗingishi, fuskarsa fal da murna. "Darlene, faɗa wa mijinki ya fito ya ji. Sha shida da rabi. Da kaya har rufi, da ƙaton mutum a gefe, da hawan duwatsun Montana. Sha shida da rabi."

"Ina kekena?" in ji Alvina.

"Yana gida."

"Wane gida?"

"Gida dai. Na mai da shi ɗakin kwana, ban yar da shi a waje ba."

Darlene ta ce, "To ai da sauƙi. Mama, kada ki damu, gobe zan buga wa mutumin da ya sayi gonar waya ya ajiye mana, in ya so mu aika a ɗauko."

Emil ya sunkuyar da kai yana murza bakin hularsa. Reiny ne ya amsa, yana kwance igiyar da ya ɗaure ƙofar baya da ita.

"Kada ki ɓata kuɗin waya. Ya ce min Laraba zai cinna wa gidan wuta ya nome wurin kafin ƙasa ta daskare. Mutumin nan ba ya saɓa rana."

Darlene ta toshe baki da hannu. Alvina ta dafa jikin motar, ƙarfen da zafi ta janye hannun. Ba ta taɓa tsanar mutum ba a rayuwarta, sai ga shi ta iya, ba tare da an koya mata ba.

Reiny bai lura ba. Ya tuɓe jakitinsa, ya juya ta ya nuna mata inda aljihu ya yage wajen loda kaya.

"Mama, in kin huta ki kama min nan. Ita zan sa zuwa coci ranar Lahadi."

Ta daɗe tana kallon yagar. Sannan ta karɓi jakitin, ta juya wurin 'yarta ta tambaye ta ko akwai allura a gidan.