Ɗorin da Yaya Hamisu bai kwance ba

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar yayana Hamisu, mai ɗori a garinmu Turawa. Ina ɗakin shan magani a Rogo, inda nake aiki a lokacin, hannuna na hagu rataye a wuya, sai ga maƙwabcinmu na gida ya jingine kekensa. Ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi hannu, ya sake komawa kan aiki. Da gaisuwar ta yi tsawo na gane. Ya ce zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, har an kai shi makwancinsa.

Ɗorin da ke hannuna nasa ne. Daga keke na faɗo a hanyar Karaye, ƙashi ya karye sama da wuyan hannu.

Shi ya gaji ɗori a wurin mahaifinmu, ni aka sa a boko. A bangon wurin aikina akwai zanen mutum biyu, ɗaya ƙwarangwal, ɗaya babu fata, sai tsoka da jijiyoyi ja da shuɗi. Ranar da ya fara ganinsu sai da ya yi a'uziyya, ya tambaya wane marar imani ne ya feɗe bawan Allah haka. Can kuma ya matsa, ya ɗora yatsa a ƙwaurin ƙwarangwal ɗin, ya ce mai zanen bai yi ƙarya ba, ƙashi biyu ne a nan.

Akwai abin da ya daɗe yana damunsa. Wani lokaci a yi ɗori, ƙashi ya zauna daidai, amma yatsu su yi sanyi, su fara baƙi. Mahaifinmu yakan ce ƙaddara ce. Yaya bai musa ba, sai dai yana so ya san hanyar da ƙaddarar take bi. Na gaya masa ɗan abin da aka koya mana: jini daga zuciya yake fita, ya bi jijiyoyi ta cikin tsoka har zuwa farce, sannan ya koma, idan ɗauri ya yi tsanani hanya ta toshe. Na danna farcensa ya yi fari, na saki ya koma ja. Daga ranar bai ƙara ɗaure karan dawa a jikin mutum ba sai ya danna farce. In jan ya yi nawa, ya sassauta.

Muka shirya bin jiki tun daga tafin ƙafa, duk ranar kasuwa. Shi ya nuna mini gaɓoɓi da hannu, ni in nuna masa hanyar jini. Mun wuce gwiwa da ƙugu, mun kai haƙarƙari, na karye.

Da yana jan hannun na yi ƙara. Ya ce, "Likita, ashe a zanen naku ba a sa ihu ba." Yana naɗa tsumma ya tambaye ni me ke kai jini huhu bayan ya koma zuciya. Na ce, "Yaya, bari sai ka zo kwancewa."

A gidanmu wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Na san abin da daɗewar ɗauri ke yi wa tsoka, ni nake gaya wa wasu. Duk da haka na bar shi ya wuce lokacinsa sosai, don ƙullin da ke jiki da hannunsa ya yi. Daga baya na kwance da kaina, babu kowa a ɗakin. Wuyan hannun bai ƙara lanƙwasuwa yadda ya kamata ba.

Yanzu babura na karya matasa kullum a hanyar Kwanyawa, a ɗauki hoton ƙashi a ɗaga a haske. Jikata ta taɓa nuna mini zuciya tana bugawa a cikin wayarta. Na san da Yaya yana nan ba zai yi a'uziyya ba. Zai karɓi wayar, ya ce a maimaita masa.

Waɗanda suka san fuskarsa sun ƙare, saura ni. Kwanaki a Turawa na ga wata mata ta danna farcen ɗanta da aka yi wa ɗori, ta tsaya tana kallo. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce ai haka ake yi.

Allah ya jiƙan Yaya. A haƙarƙari muka tsaya, ban ba shi amsar huhu ba.