Mama Tafinta ta Bencin Baya

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga Agusta, 2025, cikin watan Safar, da hantsi, Hajiya Huraira Abdulrahman ta Gangaren Tudu, wadda Keffi ta fi sani da Mama Tafinta, ta riga mu tafiya tana da shekara saba'in da ɗaya. Ina kan keken ɗinki a shagona na Tudun Ƙofa aka kira ni. Ana yayyafi. Na ajiye waya, amma ƙafata ta ci gaba da taka keken ita kaɗai, har yadi ya ƙare, allura tana ta ɗinka iska.

Mama, tun ranar nan garin ya zama mini kamar wanda ake hangowa ta cikin ruwa. Mutane suna magana, sai maganar ta wuce kafin ta iso kunnena. Idan na gyangyaɗa bayan azahar, sai in gan ki zaune a benci, da farin mayafinki da baƙar jakarki a cinya, bencin yana tafiya a hankali bisa ruwan kogin Antau, ke kuma ko a jikinki, rubutu kawai kike yi.

Ba ki haife ni ba, ba mu haɗa dangi ba. Kotu ce ta haɗa mu, shekara biyu da suka wuce. Wani mutum ya yi wa ƙanwata Nasiha fyaɗe, tana da shekara ashirin. Mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu ba ta iya doguwar tafiya, don haka ni nake rufe shago in raka ta. Ba zan faɗi sunan kotun ba, ba zan faɗi na alƙalin ba. Ke kika hana ni. Kika ce sunan mutum a takardar koke ake sa shi, ba a bakin titi ba.

Ranar da Nasiha ta ba da shaida, an kawo rigar da ke jikinta ranar da abin ya faru, a cikin leda. Alƙali ya ce a ɗaga ta kowa ya gani. Ya dube ta, ya dubi ƙanwata, ya sauya daga Turanci zuwa Hausa.

"Ke yarinya, da wannan kika fita? To ai ke kika kai masa goron gayyata."

Wasu suka yi dariya. Ya ƙara da cewa, "Telan da ya ɗinka wannan ma, shi ya kamata a kawo gabana."

Ni ne telan. Ni na ɗinka mata ita da ƙaramar Sallah, shuɗiya mai ƙananan furanni, ita ta zaɓi yadin. Ina zaune a bencin baya. Na ga fanka tana juyawa a sama kamar ba ta so, na ga rigar tana lilo a hannun masinja, na ga Nasiha ta sunkuyar da kai. Daga nan duk tambayar da aka yi mata, ba a jin amsarta sai lauya ya matso.

Da aka tashi, na fita na zauna a gindin mangwaron harabar. Sai ga wata tsohuwa ta zo ta zauna kusa da ni ba tare da gayyata ba, ta ɓare gyaɗa ta miƙo mini. Ke ce, Mama.

"Ɗana, kai ne yayanta? Me ka gani yau?"

Na ce, "Mama, ban yi boko mai nisa ba."

"Ban tambaye ka takardar shaida ba. Me idonka ya gani?"

Na ce na ga duk lokacin da zai yi irin wannan magana, sai ya rufe bironsa ya ajiye a gefe. In ya gama, ya ɗauka ya buɗe.

Kika ce, "Shekara uku na yi a kotu kafin in lura da wannan. Kai ka gani a wuni ɗaya."

A nan kika fahimtar da ni abin da ban sani ba. Alƙali da hannunsa yake rubuta abin da ya gudana a gabansa. Abin da ya rubuta shi ne ya faru. Abin da bai rubuta ba, ko mutum ɗari suka ji, idan an ɗaukaka ƙara babu shi. Kika gaya mini shekara ashirin da bakwai kika yi kina tafinta, daga Turanci zuwa Hausa da Gwandara da Eggon. Kika ce, "Sau nawa na ɗauko wulaƙanci daga bakin babba na zuba a kunnen 'yar mutane da muryata. Shi ya faɗa, amma fuskata take kallo. Har yau wasunsu in sun gan ni a kasuwa sai su sauya layi." Shi ya sa da kika yi ritaya ba ki zauna gida ba. Duk ranar da ake shari'ar fyaɗe, kina bencin baya da littafin 'yan makaranta, kina rubuta abin da aka faɗa sa'ad da biro yake ajiye.

Sai dai yanar ido ta fara rufe miki gani. Kunne garau, amma daga bencin baya ba kya hango teburin alƙali. Sai muka yi tsari. Ina zama a damanki. Da ya ajiye biro sai in taɓa jakarki sau ɗaya, in ya ɗauka in taɓa sau biyu. Kina rubuta rana da lokaci da maganar yadda ta fito, ba ƙari ba ragi. Zama goma sha ɗaya muka yi a haka. Wani zaman mu zo a ce an ɗage. Ki ce, "Tela, tashi mu tafi, yau ma mun sha iskar gwamnati kyauta."

Akwai ranar da na zo miki da littafin awona. Na buɗe shafin Nasiha, ina nuna miki tsawon rigar har idon sawu, hannu har wuyan hannu, faɗinta ma na ƙara inci uku. Na ce mu haɗa shi da littafinki, a ga ƙarya aka yi wa rigar. Ranar ce kaɗai kika ɗaga mini murya.

"Rufe shi! Ranar da ka fara auna rigar nan, ka yarda da shi ke nan. Ko buhu ta sa, ko ɗankwali kaɗai, wa ya ba wancan mutumin izini? Ba riga ake tuhuma ba."

Na rufe. Na koma shago na zauna har la'asar ban taɓa almakashi ba. Wata takwas na yi ina jin hannuna ne ya jawo wa ƙanwata. Ranar nan kika sauke mini wannan kayan, da tsawa kuwa.

Nasiha ta daina fita, ta ce ba za ta sake taka kotu ba. Ba ki taɓa yi mata wa'azi ba. Kina zuwa gidanmu da ƙullin zogale, ki zauna a tabarma kina tsinkewa, ki ce, "'Yata, zo ki taya ni, idona ba ya bambanta ganye da tsinke." Haka kuke yini kuna tsinkar zogale. A mako na biyar na dawo na tarar tana yi miki dariya saboda kin zuba gishiri a kunu.

Ke kika kai mu wurin Barista Keziya Zakka a unguwar Yara, ɗiyar ƙawarki. Ta karanta littafin tana cire tabarau tana mayarwa. Ta rubuta koke zuwa hukumar da ke ladabtar da alƙalai. Mutane suka yi ta zuwa miki. Wani ya ce, "Hajiya, da girmanki? Alƙali fa!" Kika ce, "Don alƙali ne ai. Da ɗan acaɓa ne ya faɗa, da tuni kun tsare shi a tasha." Wata tsohuwar abokiyar aikinki ta daina gaishe ki. Ba ki fasa aika mata da abincin Sallah ba.

An mayar da shari'ar Nasiha gaban wani alƙalin, tana nan tana tafiya. Koken kuwa wata goma sha huɗu muna jira. Takardar ta iso ranar Alhamis, cewa kwamiti zai saurare mu a watan gobe, alƙalin farkon ma an kira shi. Kika sa aka karanta miki sau biyu a gadon asibiti. Kika ce, "Tela, ka tabbata ka yi aski." Kwana biyar bayan haka kika tafi.

Ranar addu'ar uku, Barista ta ja ni gefe. Ta ce, "Husaini, gaskiya zan faɗa maka. Littafi ba zai iya rantsuwa ba. Wadda ta rubuta ba ta nan. In babu mai rai da zai tsaya ya ce da kunnena na ji, koken zai mutu." Na dubi hannuwana. Ni da na kasa buɗe baki a bencin baya, yaya zan yi a gaban manya, shi kuma yana zaune yana kallona?

Ranar addu'ar bakwai, ina rabon ruwa a ƙofar gida, wata mata da ban sani ba ta tsaya kusa da ni, da goyo. Ta ce a hankali, "Kai ne mai taɓa jaka? Ina cikin littafin Mama, na shekarar da ta gabaci taku. A gaban alƙalin nan ne ni ma." Na tambaye ta ko za ta zo. Ta girgiza kai. "Mijina bai sani ba. Amma ka je, don Allah. Ka je." Ta gyara goyonta ta shige cikin mata. Ban tambayi sunanta ba, kuma na san da kina nan ba za ki bari in tambaya ba.

Washegari na je ofishin Barista don in sa hannu a takardar rantsuwa. Na tarar da Nasiha a can, ta riga ni, ita kaɗai ta hau keke napep ta zo. Ta ce, "Yaya, kai ka ji ne. Ni aka faɗa wa." Ta sa hannu a sama, na sa a ƙasa.

Ban san abin da kwamiti zai yanke ba, Mama. Mai yiwuwa su ja masa kunne, mai yiwuwa fiye, mai yiwuwa ba komai. Amma zai zauna, a karanta masa maganarsa, wani ne kuma zai riƙa rubutawa.

Ya Allah, Ka jiƙan Hajiya Huraira. Ka yafe mata abin da bakinta ya ɗauka ba da son ranta ba, Ka karɓi abin da hannunta ya rubuta. Ka haskaka kabarinta, Ka mayar mata da ganinta a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanta Malam Mijinyawa, da ɗiyarta Malama Ihsan, da jikoki, da jama'ar Gangaren Tudu, da matan da ba za su iya fitowa su yi kuka a fili ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Shi kuma mai shari'a, ina roƙa masa lafiya da tsawon kwana. Allah Ya kai mu ranar nan, da mu da shi.

Husaini Tela, Tudun Ƙofa, Keffi