Tsakuwar da Kawu ya ƙi sayarwa

Kawuna mai fasa dutse ne. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a gindin dutsen da ke bayan unguwarmu, ƙafafu a miƙe, zoben tsohuwar taya a tsakaninsu don kada ɓaraguzai su watse, yana mayar da manyan duwatsu tsakuwa. Guduma ake ce masa. Ni da na tashi a hannunsa ma sai da na yi wayo na san ba sunan yanka ba ne.

Dutsen nan iri biyu ne. Can ciki akwai baƙi mai nauyi, wanda in ka buga shi sai ya yi ƙara kamar ƙarfe, ka wuni kana fama ba ka cika baro biyu ba. Daga sama kuma akwai wani ja-ja mai laushi, bugu ɗaya ya tarwatse. Abokan aikin Kawu gauraya su suke yi, mai tifa ya loda ya tafi. Shi kuwa duk dutsen da bai yarda da shi ba sai ya ɗora shi a harshe.

"Kin ga wanda ya kama harshe?" in ji shi. "Mashayin ruwa ne. Ko a cikin kankare ba zai daina ba. Ya sha ya miƙa wa rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, gini ya dare."

Bai taɓa sayar wa kowa da irin wannan ba, shi ya sa magina ke rantsuwa da tsakuwarsa. Sai dai Kawu yana da wani hali irin na masu wahala: abin da hannunsa ya fasa ba ya iya zubarwa. Kullum da yamma sai ya turo jar tsakuwar gida a baro ya juye a bayan ɗaki, har ta zama tudu.

Matarsa, wadda nake kira Inna, ta daɗe tana tara ruwan yoyo a kwanuka. Kwanon rufin ɗakinta ya ruɓe, burinta a duniya rufin kankare. Da ƙyar Kawu ya haɗa siminti da rodi, amma baƙar tsakuwar da ya fasa a watan duk an kwashe ta zuwa wani ginin asibiti. Ranar zuba rufin ina tsaye da bokitin ruwa birkila ya damƙi tsakuwa daga tudun bayan ɗaki, ya murza, ya dubi Kawu.

"Haba Guduma! Kai ne za ka ɗora wannan a kan iyalinka?"

"Na shekara biyu ne kawai," in ji Kawu, yana magana ƙasa-ƙasa. "Kafin nan na tara baƙa, mu sauke shi mu sake."

Ya juyo ya gan ni, ya ce kada in kuskura in gaya wa Inna. Ban gaya mata ba. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Shekara biyu ta zama tara. Na yi aure na bar gidan. Aka kafa injin niƙa dutse a bakin titi, masu tifa suka koma can. Ƙurar da Kawu ya shaƙa tun yana saurayi ta fara neman fansa, tari ya hana shi ɗaga guduma da ƙarfi. Duk da haka yana tara baƙar tsakuwa a ƙofar gida don sabon rufi. Sau uku tana kai masa ƙugu, sau uku ana sayar da ita a sayi magani da abinci.

Rufin kuwa bai ɓoye komai ba. Da damina sai ya yi gumi, jan layi ya fito daidai inda rodi ya bi, ɓawon siminti yana faɗowa a kan gado. Na ja Kawu gefe na ce a fitar da Inna daga ɗakin nan.

"In ce mata me?" ya tambaye ni. "In ce na hana bare abin da na ɗora mata a ka?"

Na je wajen Inna da dabara, na ce ta dawo gidana kafin ruwa ya ɗauke. Dariya ta yi tana share ƙasar da ta zubo.

"Ke dai akwai tsoro. Mutumin da duk gari ke yabon tsakuwarsa? Rufin nan fenti kawai yake so."

Gaskiya ta zo mini har baki, na haɗiye. Kunyar Kawu na ji, Allah ya sani, kuma har yau ina jin haushinsa da haushin kaina.

Bayan ruwan kwana uku, da hantsi, Inna tana ninke kaya a bakin gado rufin ya sauko gaba ɗaya. Kawu yana gindin dutse. Kafin a kira shi maƙwabta sun fito da ita, sun lulluɓe.

Kwana biyu Kawu yana zaune a tsakar gida yana karɓar gaisuwa. A rana ta uku wani ɗan'uwan Inna da ya zo ta'aziyya daga nesa, wanda bai san kan zancen ba, ya leƙa ɗakin. Ya ɗauko guntun kankare, ya sa babban yatsa ya murje tsakuwar da ke ciki, ta zama gari. Ya fito tsakar gida idonsa jawur, ya nuna wa jama'a tafin hannunsa.

"Ku dubi abin da aka yi rufi da shi! Duk wanda ya kawo muku wannan tsakuwa, Allah ya isa tsakaninmu da shi!"

Birkilan da ya zuba rufin yana cikin jama'a, ya sunkuyar da kai. Ni ma na kasa ɗago ido. Kawu ya gama tarinsa, ya goge baki da hannun riga.

"Amin," in ji shi.