Gaisuwar Wuta

Maigidana maƙeri ne, amma ba mai zaman maƙera ba. Shi da 'yan uwansa tama suke narkawa. A lokacin Dakoro ba ta wuce rijiya da 'yan bukkoki ba, kuma duk hauyar da ake noma da ita tun daga nan har garin Rumbu ƙarfenta daga hannunsu ya fito. Bayan girbi sukan haƙo wata baƙar tama mai ɓata hannu, su daka ta, su yi kwana uku suna shaƙar hayaƙinta.

Da hannunsa na dama ya fara rawa, murna aka yi. A gidansu cewa ake wuta ta gaishe shi, wato ya ƙware. Mahaifinsu ma ta gaishe shi, ya mutu ba ya iya juya kansa a shimfiɗa. Ni 'yar makiyaya ce, na saba duba wace ciyawa dabba ta ci kafin ta kwanta. Na lura hannun masu ƙira kaɗai ba ya rawa, sai na masu tsayawa bakin murhun narka tama.

Na faɗa wa yayansa. Ya yi dariya ya ce, "Ke da aka kawo daga bayan shanu, mi kika sani ga sha'anin wuta?"

Shekara biyu, tafiyarsa ta koma 'yar sassarfa a kan yatsu, kamar ana tura shi. Fuskarsa ta daskare, ko dariya ba ta fita. Abin da ya fi yi masa ciwo akushi ne. Kafin loma ta kai bakinsa ta watse a jikin na kusa da shi. Ya daina cin tuwo da maza, ya dawo ɗaki ina ba shi a baki. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kowa.

Ranar da aka sake hura murhu, 'yan uwansa suka zo da magani. Yayan ya ce, "Wuta ta ɗauka, ita za ta maido. A zamnar da shi inda hayaƙin ya fi yawa."

Na tare ƙofa. Maigidana ya daɗe yana haɗa maganar kafin ta fito.

"Matsa. So nike in ci tuwo da hannuna."

Na matsa. Ni na ɗora masa mayafi a kafaɗa, suka riƙe shi suka tafi.