Yaɓen Zauren Kakanmu

Har yau idan na ratsa tsohuwar unguwarmu a Yelwa, sai na kau da kai daidai inda zauren kakanmu yake a da. Ƙyama nake ji, kuma kawunnaina biyu ne suka jawo ta, Allah ya jiƙansu.

Kakan Inna ne ya gina gidan, lokacin yana riƙe da sarauta, mutanen tsibirai na kawo masa gaisuwa a kwale-kwale. An ce daga gabas ya ɗauko maginan. Zauren kuwa ba irin na kowa ba ne. Bakan gizo sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, an kafa tasar tagulla a mahaɗarsu, azarar giginya kuma a jere kamar saƙar tabarma. Kaurin bangon ya isa mutum ya kishingiɗa a bakin taga. A waje ga zankwaye, ga zane a goshin ƙofa an shafe shi da makuba. In ka shigo daga kasuwar kifi da rana tsaka, sanyi ne zai tarbe ka. Da aka datse Kwara a Kainji, ruwa ya ci gidajen gangare, amma namu yana kan tudu, ko gindinsa bai taɓa ba.

Ginin ƙasa abu ɗaya yake roƙo, yaɓe kafin damina. A gidanmu kuwa al'ada ce, maigida ne ke fara hawa rufin zaure ya ɗora curin farko da hannunsa, sannan magina su biyo baya. Unguwa duk tana kallo, wanda aka gani a sama shi ne mai gidan.

Kaka, mahaifin Inna, ya rasu ina koyarwa a Wara, lokacin muna jihar Sakkwato. Kawu Babba ya baro aikinsa na birni, ya ce girma nasa ne. Kawu Ƙarami ya ce shi ya zauna ya yi jinyar tsoho, wanda bai san inda indararo ke yoyo ba ba zai hau masa kai ba. Babba ya kafa tsani, Ƙarami ya ɗauke. Ƙarami ya sa aka kwaɓa ƙasa, Babba ya kori maginan. Dattawa da furfura suna wasan 'yar ɓuya da tsani!

Inna ce tsakaninsu a haihuwa, kuma ita kaɗai zauren ya dama. Ta bar gidan aurenta ta zo ta durƙusa gaban Babba.

"Yaya, don girman Allah ka bar shi ya hau. Ruwa bai san babba ba."

"Ke mi kinka sani ga zancen gida? In ban hau ba, babu mai hawa."

Ta koma wajen Ƙarami, ya ce, "Yaya, bar wahal da kanki. Ginin ga ya ga ruwan da ya hi wanga." Ta ce to su hau tare. Kowannensu ya ce ai sarki biyu ba sa zama gari ɗaya.

Haka damina ta bi damina. Ciyawa ta tsiro a rufi, zanen ƙofa ya zube, jemagu suka tare a cikin bakan gizo. Warin kashinsu da na danshi da fitsarin awaki ya sa baƙo kan toshe hanci kafin ya zauna. Su kuwa kullum sai su ratsa ta ciki da manyan riguna, kowa yana hura hanci.

Wata rana bayan azahar, ana ruwan tsakiyar damina, rufin ya rufta. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Washegari na iso daga Wara, na biya na ɗauki Inna. Muka tarar da su biyun a kan tarin ƙasa suna raba azara cikin ladabi.

"Ɗauki wagga, Yaya, ta hi tsawo."

"A'a, kai ɗauka, ta yi ma rumfar banda."

Tun rasuwar Kaka ban ga bakinsu ya zo ɗaya ba sai ranar.

Inna ta tsaya a bakin hanya. Daga nan ana hango murhu da shanya da matan gida, duk mai wucewa yana leƙe. Ta daɗe tana duban wurin, sannan ta juyo gare ni.

"To ni yanzu ina zan tsaya in yi sallama?"

Ta gyara mayafinta muka juya, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake taka gidan ubanta ba.