Saiwar da Kaka Ba Ta Kiran Sunanta

Wata biyu korona ta ɗauke min hanci. Na warke, amma ko miyar da nake dafa wa ɗalibai a unguwar Danau Kota, nan ƙasar waje, ba na jin ƙanshinta. Ga ciki ya kumbura kamar ganga. Mai gadin benenmu, wani ɗan Nepal, ya gan ni dafe da ciki, ya miƙo min wasu baƙaƙen ƙwayoyi a takarda. Wai maganin mutanen Tibet ne, itatuwa da ƙonannen dutse, a murƙushe a sha da ruwan zafi.

Na murƙushe ɗaya da bayan cokali, sai hancina ya buɗe. Wallahi ɗakin kakata na shaƙa.

Ita ma haka take haɗa nata: jar kanwa, kimba, citta, da wata saiwa. Farkon damina, in ƙasa ta yi laushi, take zuwa tono a bayan rafi, ina biye da ita da fartanya. Ba ta kiran sunan saiwar, wai in an kira ƙarfinta guduwa yake. Da ƙafa take nunawa. Sai ta karya ta kanga min a hanci. "Shaƙa, angona. Da hanci ake gane ta." Ni kuwa hankalina na kan kifin rafi.

To ka ga, tun kafin wannan, ana rufe filayen jirgi ciwon ciki ya kwantar da mahaifiyata. An yi asibiti har an gaji. Ta ce ita maganin kaka take so, ga shi tsohuwar ta riga ta rasu. Ta ce min a waya, "Kai kaɗai ta nuna wa."

Ƙanena ya yi ta tono yana haska min a bidiyo. Saiwa a waya duk saiwa ce. Na ce ya shaƙa ya gaya min, ya ce, "Yaya, warin ƙasa ne kawai." Da na gaji, na zaɓi wata na ce ita ce. Ƙarya na yi. Inna ta sha, ta ce, "Ba ita ba ce, amma Allah ya yi maka albarka." Kwana tara bayan nan aka kai ta makwancinta, ina nan ɗaki ina kallon bango.

Ban ce saiwar kaka ce a ƙwayar nan ba, ban yi karatun da zan sani ba. Na sha, cikin ya lafa. Guda ɗaya na rage.

Yanzu hanya a buɗe take. Ƙanena ya ce bayan rafi an yanka fuloti, an zuba siminti. Nakan warware takardar in shaƙa. Yau da za a kanga min saiwar nan, zan gane ta sarai. Sai dai wa zan tono wa?