Ranar da Surukin Alhaji Ya Kashe Antibairos

A kamfanin tabarmar roba da na yi wa aiki a Sharada, kowa sai an laluba shi a bakin ƙofa. Masu aikin safe da masu aikin yamma, mutanen ƙauye da ke zuwa a kan keke, 'yan Nijar masu lodin kaya, duk sai sun ɗaga hannu sama mai gadi ya shafa aljihunsu. Ni da nake mace jakata yake zazzagewa a kan benci, har kalar hodata ya sani. Motar mutum biyu ce kawai ba a tsayarwa: ta Alhaji mai kamfanin, da ta surukinsa, mijin 'yarsa ta fari.

Ni ce mai kula da kwamfutar ofishin zane. Kullum daga Dorayi nake tahowa a adaidaita sahu, in wuni a wani ɗan ɗaki mai ƙaurin narkakkiyar roba. A kamfanin an san ni da baki, har rediyo suke ce mini a bayan idona, kuma ban taɓa musu ba. Abokin zamana wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba. Duk adon da ke jikin tabarmarmu daga hannunsa ya fito. Tun yana saurayi yake zana su a takarda mai gida-gida, yana cike gidajen da fensir mai launi, kuma kowane zane da sunan da ya raɗa masa. Akwai mai ƙafar kaza, akwai mai idon zabuwa, akwai mai ƙofar gari. Amma ɗan lelensa shi ne mai tsani, wanda ya fara zanawa a duniya.

Da aka kawo sababbin injunan saƙa, sai aka ce ba sa karanta takarda, daga kwamfuta suke karɓar zane. Kuma ba su da ƙwaƙwalwar riƙo, da an ɗauke wuta sun manta, sai kwamfuta ta sake aika musu. To a Sharada kuwa ɗauke wuta ai ba labari ba ne. Haka na zauna na shigar da zanen Baba cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, shi yana gefena ya kusanto da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa gilashin, don lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ranar da muka gama ya ce mini, "'Yar nan, idon nan ya kusa sallama ta. Ni dai burina, ko na koma gida a ci gaba da yin salla a kan aikina."

Manajanmu mutum ne mai son a ce ya waye. Da ya ji an gama, sai ya shigo ya dubi tarin takardun Baba ya ce mun shiga zamani, datti ba shi da wurin zama a ofis. Ya sa aka kwashe su aka ba mai tsiren bakin ƙofa. Wallahi an daɗe ma'aikata suna cin tsire a cikin mai idon zabuwa. Na je na ce masa, to tunda babu takarda, a saya mana wata ma'ajiya mu kwafe zanen a ciki, ko da kwamfutar za ta sami matsala. Ya ce, "Ana dubawa." Na ce bari in kwafa a filas ɗina, 'yar ma'ajiyar nan da ake cusa wa kwamfuta, in ajiye a gida. Ya zaro ido ya ce sirrin kamfani ne, ba ya ƙetare ƙofa, ya kuma ja wa mai gadi kunne a kaina. Aikin rayuwar Baba kaf ya koma cikin akwati ɗaya a ƙarƙashin teburina.

Ana nan sai ga surukin Alhaji. Muƙaminsa mai ba da shawara kan harkokin zamani, amma har na bar kamfanin ban ga wanda ya san abin da yake yi ba. Wata rana da hantsi ya shigo ɗakinmu, turarensa ya riga shi, yana kaɗa makullin mota da wani ɗan filas a jiki. Ya ce ya kawo mana manhajar zane ta zamani, irin wadda Turawa ke sayarwa da tsadar gaske, amma wani abokinsa ya fasa makullinta ya ba shi kyauta. Ya cusa filas ɗin. Ko zama bai yi ba kwamfuta ta yi ƙara, fuskarta ta yi ja. Antibairos ne, manhajar da ke gadin kwamfuta daga cuta, ya cafke abin ya ce ba zai wuce ba.

"Kashe shi," in ji suruki. "Ai kowa ya sani in za a sa manhaja sai an kashe antibairos. Hassada ce kawai ta kamfanoni, ba sa son ganin kayan wani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, manhajar da ta zo da injunan nan, a gabansa aka sa ta bai ce uffan ba. Me ya sa sai taka?"

"Ba ya kuskure ne?"

Na ce yana yi mana, wani lokacin yakan yi wa mai gaskiya ihu. Amma in haka ta faru, wurin masu manhajar ake komawa a tabbatar, a kuma kwafe kayan ciki tukuna. Wannan kuwa ko sunan abokin nasa ba mu sani ba.

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wato kina nufin ni na ɗauko cuta na kawo kamfanin Alhaji?"

Tabɗi! Daga nan magana ta tashi daga kan kwamfuta ta koma kan mutunci. Na garzaya wurin Manaja. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa, sannan ya ce wannan maganar iyali ce, ba ya shiga. Na ce, "Yallaɓai, kwamfutar nan fa ba ta auri kowa ba." Ya ce in je in sami Alhaji da kaina.

Sai an san Alhaji za a gane abin da ya biyo baya. Mutumin da ne, mai tsananin kunya. Bai taɓa faɗin sunan 'yarsa ta fari ba, balle na mijinta. In suka yi kiciɓis a baranda, suruki ya durƙusa ya sunkuyar da kai, Alhaji kuma ya kara waya a kunne yana amsa kiran da ba wanda ya yi. A gida wannan abin sha'awa ne, ni ma haka na taso na ga ana yi. Amma kamfanin nan haka yake tafiya, mutum biyu da ke da ikon yanke magana ba sa iya haɗa ido.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce wani ya zo da manhaja mai cuta yana so a kashe mai gadin kwamfuta. Alhaji ya miƙe zaune ya ce, "Wane mara mutuncin ne?" Na faɗa masa. Nan take ya juya fuska wajen taga, ya jawo carbi. Can ya ce, "Yaya mutanen Dorayi? Ruwan nan bai yi muku ɓarna ba ko?" Na ce lafiya lau, amma Alhaji aikin Baba ne gaba ɗaya a ciki, kalma ɗaya kawai nake nema daga bakinku. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Na gane an sallame ni.

Na dawo na tarar ɗakinmu ya cika, Manaja da masu kula da injuna duk sun zo kallo. Suruki ya ce, "Ya ce kar a yi?"

Na ce, "Bai ce komai ba."

Manaja ya yi caraf ya ce, "To ai magana ta ƙare. A gidan nan shirun Alhaji amincewa ne."

Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na zauna a kujerata na rungume madannan kwamfutar, na ce sai dai a ɗauke ni da kujerar. Na faɗi maganganu, wasu ma ba za su rubutu ba. Ina cikin zuba sai na ji muryar Baba a hankali daga kusurwarsa.

"'Yar nan, tashi."

Na ce, "Baba, aikinku ne fa a ciki. Babu shi a ko'ina sai nan."

Ya ce, "Na sani. Amma surukin mai gida ne, ba a tsare shi a bakin ƙofa kamar ɓarawo, ga mutane na kallo. Kar a wayi gari a ce saboda zanena aka tozarta shi. Tashi, don Allah."

Da Manaja ne ya faɗa, da sai dai a kore ni. Amma mai kayan ne ya haɗa ni da Allah. Na tashi. Suruki ya zauna ya danna. Antibairos ya tambaye shi ko ya tabbata, ya gargaɗe shi cewa zai bar kwamfutar ba tsaro. A ɗakin nan kaf, shi kaɗai ne ya iya duban surukin Alhaji ya ce masa ya sake tunani. Suruki ya ce ya tabbata, ya kashe shi.

Manhajar ta shiga lafiya lau, ta buɗe da launuka masu walƙiya. Aka tafa. Wani daga masu kula da injuna ya ce, "Rediyo, yaya dai, batir ya ƙare?" Aka yi dariya aka watse.

Kashegari da safe aka ɗauke wuta kamar kullum, aka tayar da janareta, injuna suka jira zane. Na buɗe ma'ajiyar zanen Baba, sai na ga komai ya koma fari fat. Na danna mai tsani, ya ƙi buɗuwa. Na danna mai ƙofar gari, haka. Sai wani rubutun Turanci da ya fito yana cewa an kulle kayanmu, suna hannun wasu, sai an biya kuɗin fansa. Innalillahi! Garkuwa da mutane muka sani, ashe har da tabarma ake yi. Aka ɗauko wani mai gyara daga Bompai. Ya duba ya duba, ya ce waɗannan ko an lallashe su ba lallai su sako ba, sai dai a wanke kwamfutar fes a fara daga farko. Sannan ya waiwayo ya ce, "Wai wa ya kashe antibairos ɗin?" Kowa ya ɗaga kai yana kallon fanka.

Aka kafa kwamiti, Manaja ne shugaba. Bayan zama da shan lemo suka gano cewa abin ƙaddara ne. Suka kuma gano cewa in da mai laifi, to antibairos ne, don mai gadin da za a ce ya kwanta ya kwanta ba mai gadi ba ne. Saboda haka aka hana sake sa shi. Aka kuma ƙara tsananta bincike a ƙofa, kar wani ya shigo da filas. Mai gadi bai taɓa ganin filas ba, don haka ya ƙwace wa wani bawan Allah mutumin Jigawa abin yankan farce. Suruki kuwa aka ba shi shugabancin sashen zane, don in ba a ƙara masa girma ba mutane za su zaci ana zarginsa. Ya sauko da zane-zane daga intanet, injuna suka ci gaba da ruri. Na ce akwai tsofaffin tabarminmu a masallacin kamfani, a ba ni lokaci in kwaikwayo zanen Baba daga jikinsu. Manaja ya ce ana dubawa. Kafin a gama dubawa aka canza tabarmin masallacin da sababbi.

Baba bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Sau ɗaya na hango shi a wurin mai tsire yana tambaya ko da sauran takardun nan. Mai tsire ya ce ai sun daɗe da ƙarewa, yanzu da takardun jarrabawa yake naɗi. Baba ya yi masa godiya ya dawo yana laluben bango. Na ji haushin Baba ranar, haushi sosai, na kuma shiga banɗaki na yi kuka.

Ba a jima ba idon ya ƙarasa, aka ce ya huta. Aka shirya masa walimar sallama a farfajiya. Manaja ya yi jawabi ya ce sunan Baba ba zai taɓa gogewa daga tarihin kamfanin ba. Alhaji ya sa albarka ya tashi da wuri, don surukinsa ne zai miƙa kyauta. Kyautar kuwa tabarma ce sabuwa fil, daga injinmu. Aka warware ta aka ɗauki hoto. Wasu furanni ne ruwan hoda a jiki, da wani kifi yana tsalle a tsakiya.

Da mutane suka koma kan shinkafa, Baba ya jawo tabarmar ya kai ta dab da fuskarsa, ya juya ta, ya shafa. Sannan ya laluba ya kamo gefen mayafina.

Ya ce, "'Yar nan, idon ba ya rabewa. Wanne suka ba ni? Mai tsani ne?"

Na buɗe baki, ni da ake ce wa rediyo, na rasa abin da zan ce. Na dubi kifin nan, na dubi Baba. Ya ɗan jira, yana karkato da kunne wajena.

Sai ya yi murmushi ya ce, "Kin yi shiru, shi ne ke nan. Alhamdu lillahi, ashe ɗaya ya tsira."

Ya naɗe ta da kansa a hankali, ya saƙala a hammata. Na riƙe masa hannu har bakin ƙofa. Mai gadi ya tsayar da shi, ya ɗaga hannu sama, aka laluba aljihunsa kafin ya fita.